Santsin Kwalta: Yadda Ake Tafiya Da Babur Idan Ruwa Ya Sauka

 Waɗanda data ba ta bari suka saurari muryar ba, ga shi an rubuta muku kamar yadda aka saba. Wanda ya karanta ya tura wa ɗan'uwansa mai babur.

Yau maganar babur za mu yi, babur da ruwan sama. Na san wani zai ce, kai da ka saba yi mana maganar aikin yi da katin zaɓe, me ya kai ka taya da burki? To ga dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya fi shi kashe mutane. Mu ke nan fa, ni da kai da ƙannenmu. Kuma a ƙasar nan babur shi ne ƙafar talaka. Ko a Kano da aka hana acaɓa tun watan Janairun 2013, leƙa ƙofar kowace makaranta da kowace kasuwa ka ga yawan Boxer da Jincheng da Lifan da aka jera. Malamin firamare, mai kai saƙo, ɗalibi, manomin da zai kai taki gona, duk a kansa suke. Idan Agusta ya kama, ruwa kusan kullum, ba wanda zai ajiye babur ya zauna a gida sai Oktoba. Tunda dole a hau, gara a san yadda ake hawa.

Bari mu fara daga ƙasa. Ka kafe babur ɗinka, ka tsuguna ka dubi inda taya ta taɓa kwalta. Wurin bai wuce faɗin katin cirar kuɗin da ke aljihunka ba, a ƙananan baburanmu bai ma kai ba. Guda a gaba, guda a baya. Kai da nauyinka, da wanda ka goya, da buhun masarar da aka ɗaure a baya, duk a kan waɗannan 'yan wurare biyu kuke. Yadda robar nan take kama kwalta shi zan riƙa kira riƙo a cikin shirin nan.

Ga abin da nake so kowa ya tafi da shi yau: riƙon nan yana da iyaka, kuma abu uku ne suke cin sa. Burki yana ci, shan kwana yana ci, murza totur yana ci. Ka ɗauka kamar an ba taya naira ɗari ta yi cefane. Idan ta kashe tamanin a burki, ashirin ce ta rage wa kwana. Ka nemi ta ba ka tamanin a burki da tamanin a kwana lokaci guda, ba ta da su, sai ta sake ka. A busasshiyar kwalta ba ka cika lura ba, saboda kuɗin da yawa, kana ɓarna ana yafe maka. Da ruwa ya sauka sai a zaftare kuɗin. Ka hau fentin titi ko wurin da baƙin mai ya zuba, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Wannan lissafin naira misali ne kawai don a gane, amma haka abin yake aiki.

To me ya sa ruwa yake rage riƙo? Saboda yana shiga tsakanin roba da kwalta. Zanen nan da kake gani a jikin taya, aikinsa ke nan, ya zama kwata, ya kori ruwan gefe don roba ta samu ta taɓa ƙasa. Masu kallon tseren babura na MotoGP sun san wannan. Idan rana ake yi, su Marc Marquez tayar da suke hawa sumul take, ba zane ko ɗaya, kuma suna kwantar da babur a kwana fiye da digiri 60, har gwiwar hannu tana shafar ƙasa. Amma da ruwa ya sauko ana tsakiyar tsere, sai ka ga sun shige rumfar makanikansu sun sauya babur, sun hau wanda aka sa wa taya mai zurfin zane da roba mai taushi. Waɗannan su ne gwanayen duniya, da babur na miliyoyin kuɗi, amma ba sa jayayya da ruwa a kan taya marar zane. To kai da ke kan suɗaɗɗiyar taya, wadda har zare ya fara leƙowa, da me kake taƙama?

Don haka aikin yana farawa tun kafin ka tayar da inji. Abu huɗu za ka duba a jikin taya.

Na farko, zurfin zane. Ka duba gefen taya za ka ga wata 'yar alama, wani lokaci haruffan TWI, wani lokaci ɗan ƙaramin kan kibiya. Bi ta zuwa cikin zanen, za ka ga ɗan tudu a cikin kwarin. Ranar da saman taya ya zo daidai da tudun nan, tayar ta gama aiki. A Ingila doka ce, babur mai injin da ya wuce cc 50 ba zai hau titi da zanen da bai kai milimita 1 ba. Wannan ma iyakar ƙarshe ce. A ruwan Agusta irin namu, kada ka jira ta kai can.

Na biyu, shekarunta. A gefen taya akwai lambobi huɗu, galibi a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Zafin rana yana busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa a gefe. Taya mai tauri, ko da zanenta yana nan daram, a jiƙaƙƙiyar kwalta kamar katako take. Masu sayen tayar gwanjo, a duba wannan lamba kafin a miƙa kuɗi.

Na uku, iska. Akwai masu cewa idan damina ta zo a rage iska don taya ta ƙara kama ƙasa. A kwalta wannan ba daidai ba ne. Idan iska ta yi ƙasa, tayar tana lotsawa, zanen ya tsuke, ruwa ya rasa hanyar fita, kan babur kuma ya yi nauyi. Akwai kuma masu cika ta tam kamar dutse saboda lodi, su kuma sun rage ɗan wurin nan da ke taɓa ƙasa. Adadin da kamfani ya ce yana cikin littafin babur, sau da yawa kuma an liƙa shi kusa da murfin sarƙa. Ka ce wa mai faci ya sa geji, kuma da safe kafin taya ta ɗau zafi. Matsawa da babban yatsa ba awo ba ne.

Na huɗu, idan sabuwa ce ka sa, ka duba kibiyar da ke nuna inda za ta riƙa juyawa, don wasu tayoyin idan aka juya su baibai zanen ba ya korar ruwa yadda aka tsara shi. Kuma sabuwar taya tana da santsi a fuska, sai ta ɗan ci ƙasa. Kilomita ɗari na farko a bi ta a hankali.

Na san abin da wani yake cewa a ransa: malam, taya kuɗi ce, ga balas, ga mai, ga cefane. Gaskiya ne, ba na musu. Amma ka tambayi duk wanda ya taɓa jinyar karaya, ko a Asibitin Ƙashi na Dala ko a wajen mai ɗori, nawa ya kashe, kuma wata nawa ya yi babur yana jingine ba ko sisi. Idan kuɗin taya ɗaya ne da kai kuma dukkansu sun ci, fara da ta gaba. Ta baya idan ta zame akwai damar ka gyara. Ta gaba idan ta tafi, sai dai ka ji ka a ƙasa. Masu ba da babur a yi musu aiki kuma, ku ji tsoron haƙƙin yaran nan, ku sa kuɗin taya a lissafinku kafin damina.

Yawwa, mun hau titi. Wane lokaci ne ya fi haɗari? Da yawa za su ce lokacin da ake sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. A'a. Ruwan farko ne, da kuma yayyafin nan da ba ya ko jiƙa riga. Duk tsawon rani kwalta tana tara baƙin mai da gas da ke ɗiga daga motoci, da ƙurar hunturu, da garin roba. Da ɗan ruwa ya taɓa su sai su tashi su zama kamar miyar kuɓewa a kan titi. Ruwa mai ƙarfi ne yake wanke su, shi ma sai ya ɗan jima yana zuba. Ko a tsakiyar damina, idan an kwana biyu ba a yi ruwa ba, mintocin farko a yi hattara. In da hali ka raɓe a wata rumfa ka ba shi minti ashirin ko rabin awa.

Sai kuma sanin inda za ka ɗora taya. Tsakiyar layin da motoci ke bi, nan ne mai yake ɗiga, musamman gab da danja da shataletale da bakin tasha inda ake tsayawa. Bi sawun tayar motar da ke gabanka, ta riga ta share maka ruwan wurin. Idan ka ga ruwa yana walƙiya da launin bakan gizo, mai ne, kauce masa tun daga nesa. Farin fentin tsallaka titi, murfin ƙarfe na magudana, ƙarfen da ke haɗa gaɓoɓin gadar sama, layin dogo da ya ratsa titi irin na Zariya da Kaduna da Kano, ledar ruwa, ganye, kashin shanu, jar laka da motocin yashi suka kwaso daga hanyar ƙauye suka shafe a bakin kwalta, duk waɗannan idan sun jiƙe ba riƙo a kansu. Idan ba yadda za ka kauce, ka miƙar da babur tsaye, ka ratsa kai tsaye, ba burki, ba ƙarin wuta, ba karkacewa. Layin dogo a gicciye ake tsallaka shi, kada ka bi shi a karkace taya ta bi bakin ƙarfen.

Kududdufi kuma ba ka san abin da ke ƙasansa ba. Zai iya zama ɗan ruwa, zai iya zama ramin da zai haɗiye tayar gaba, zai iya zama kwatar da aka sace murfinta. Idan hanyar da ka sani ce, ka tuna inda ramukan suke tun rani. Idan ba ka san ta ba, bari wata mota ta wuce ka ga zurfin.

Mu zo kan gudu, don a nan ne lissafin yake ba mutane mamaki. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da burki zai ci kafin ka tsaya sau huɗu yake ninkuwa. A busasshiyar kwalta mai kyau, wanda ke gudun kilomita 30 a awa zai iya tsayawa cikin mita biyar ko shida daga inda ya kama burki. Mai gudun 60 sai ya ci wajen mita ashirin. Littafin dokokin hanya na Ingila ya ce a jiƙaƙƙiyar hanya nisan tsayawa yana ninkuwa aƙalla sau biyu, ka ga mun doshi mita arba'in ke nan. Ba mu ma sa lokacin da ido zai gani hannu ya motsa ba. A gudun 60, cikin sakan ɗaya kacal ka shafe kusan mita 17. Shi ya sa rage gudu daga 60 zuwa 40 ya fi kowace dabara da zan faɗa a shirin nan.

Tazara ma haka. A rana ana so ka bar sakan biyu tsakaninka da na gaba, a ruwa sakan huɗu. Ka lura da wata fal-waya, da motar gabanka ta wuce ta sai ka fara ƙirgawa a ranka a nitse. Idan ka iso kafin ka kai huɗu, ka matse da yawa. Mai adaidaita sahu da ya hango fasinja ba zai yi shawara da kai ba kafin ya tsaya.

To, burki. A nan akwai wata magana da ta zauna a kan matasa da yawa, wai burkin gaba shi ne yake kayar da mutum, don haka ba a taɓa shi. Za ka ga babur wayar burkin gaba ta tsinke wata da watanni, mai shi ko a jikinsa. Ɗan'uwa, idan ka kama burki, nauyi gaba yake komawa, ya danne tayar gaba, ta baya kuma ta yi sakayau. Shi ya sa a busasshiyar hanya burkin gaba ne yake yin mafi yawan aikin, wajen kashi 70 cikin ɗari. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, da ya taka da ƙarfi sai taya ta ƙulle, bayan babur ya fara wutsil-wutsil, ga shi bai tsaya ba. Abin da ke kayarwa shi ne fizgar burkin gaba farat ɗaya, kafin nauyi ya sauka a kan tayar. Yadda ake yi, ka saki totur, ka ɗan taɓa na baya da na gaba tare, ka ji gaban babur ya ɗan duƙa, sannan ka ci gaba da matsawa a hankali kamar mai matse lemon tsami. Idan ka ji tayar gaba ta ƙulle, saki nan take ka sake kamawa. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, a 2019 doka ta wajabta wa sababbin baburan da suka wuce cc 125 na'urar ABS mai hana taya ƙullewa, ƙanana kuma a haɗa musu burkin gaba da na baya. Yawancin waɗanda muke hawa a nan ba su da ABS, don haka yatsunka ne za su yi wannan aikin. Kuma ba ranar haɗari ake koyo ba. Ka samu fili ko titin da ba mutane, ka gwada a gudun kilomita 20, sau goma, sau ashirin, har hannu ya saba.

Wani abu kuma, yawancin baburanmu burkinsu na cikin kwano ne. Idan ka ratsa ruwa mai ɗan zurfi, ruwan yana shiga ciki, ka kama ka ji wayam. Da ka fito, ka ɗan riƙe burki kaɗan kana tafiya a hankali na 'yan mitoci, zafin zai busar da shi. Ka gwada shi kafin ka buƙace shi.

Kwana kuma, ku tuna naira ɗarin nan. Duk burkin da za ka yi, ka gama shi tun babur yana miƙe, kafin ka shiga. Ka shiga a hankali, kada ka kwantar da babur sosai, ka riƙe wuta daidai ba ƙari ba ragi, sai ka miƙe sannan ka ƙara. Idonka ya kasance a inda kake son zuwa, don babur inda ka kalla yake bi. Ka zuba wa kwata ido, kwata za ka. Kafaɗa da hannu a sake, gwiwoyi su riƙe tanki. Idan bayan babur ya ɗan zame, kada ka firgita ka danƙe burki, ka sassauta wuta a hankali, galibi da kansa yake komawa daidai. Tashi daga tsaye, ka saki kuloci sannu sannu. Sauko da giya ma ɗaya bayan ɗaya, don idan ka sauko da biyu ka saki kuloci da ƙarfi, tayar baya za ta ja kamar ka taka burki. Mutanen Jos da sauran masu gangara, wannan taku ce musamman.

Sai gani da a gan ka. Kunna fitila ko da rana ne. Direban motar da gilashinsa ya yi hazo, abin share ruwansa ya mutu, ba ya ganin mai baƙar riga a kan baƙin babur. Kuma don Allah a daina tuƙi da hannu ɗaya ana kare fuska da ɗayan, ko wanda aka goya ya buɗe lema iska tana fizga. Hular kwano mai gilashi ita ce maganin ruwan da ke tsira ido. Na san tarihinmu da hular nan. Da aka fara tilasta ta a farkon 2009, har ƙwarya da tukunya wasu suka kifa a ka, duniya ta yi ta dariya. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. A ɗaure igiyar, wadda ba a ɗaure ba ita take fara tashi kafin kai ya isa ƙasa.

'Yan'uwana mata da duk wanda ake goyawa, ku ma kuna da aiki. A tattare hijabi da zani da babbar riga, jiƙaƙƙen yadi yana da nauyi, yana saukowa ya shiga sarƙa ko wayoyin taya. A zauna daidai, kada a yi ta mutsu-mutsu a kwana. Sannan kalmar nan ta "malam yi sauri kada ruwa ya taɓa ni", a bar ta. Ka ga yana gudu, ka ce ya rage. Ka ga tayarsa ta suɗe, ka nemi wani. Jiƙewa da an shanya ta wuce.

Akwai kuma ruwan da gwaninta ba ta aiki a kansa. Idan ruwa yana gudu a kan hanya ko ya haye kwalbati, ka tsaya. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuwa yana iya ɗaukar ƙaramar mota. Ina ga babur? Hanyoyin ƙarƙashin gada ma idan sun cika, kada ka ce bari in gwada. Ko ka tsira, injin da ya shaƙi ruwa sai an sauke shi. Idan za ka fake kuma ana tsawa, ka nemi gini, ka bar gindin bishiya.

Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To, amma wanda ya ga zare a tayarsa ya hau, ya ga hadari ya haɗo ya ƙara wuta don ya riga ruwa isa gida, wannan ganganci ne, kuma iyalinsa ne za su biya. Masu ɗaga tayar gaba a rakiyar amarya, ku ma da ku nake.

Kafin mu rufe, wani ɓangare na santsin nan mu muke kawo shi. Shara da leda da muke zubawa a kwata su ne suke maido da ruwa kan titi. Yashin gini da ake jibgewa a bakin kwalta, da baƙin man da ake juyewa a gaban gareji, duk a ƙarƙashin tayar wani suke ƙarewa. Ƙungiyoyin matasa na unguwa, ga aikin gayya: a yashe kwata kafin ruwa ya yi nisa, a yi wa mai gini da mai gareji magana cikin mutunci, inda murfin magudana ya ɓace a sa alama a kuma rubuta wa ƙaramar hukuma, a ajiye kwafi, a koma a tambaya.

Aikin gida na wannan mako mai sauƙi ne. Gobe da safe kafin ka tayar, tsuguna ka duba zane, ka karanta lambobi huɗun nan, ka kama burkin gaba ka ji ko yana nan, ka biya wajen mai faci a sa geji. Wanda ya duba ya rubuto mana shekarar tayarsa a ƙasan wannan rubutu, mu ga wa ya fi kowa tsohuwa. Makanikai da tsofaffin direbobin da ke bin shafin nan, ku ƙara mana da abin da kuka sani, za mu karanta a shiri na gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.